Kuɗin Direba Ba Ya Shiga Lissafi

Ɗan goggona ya girme ni da shekara biyu, amma tun muna yara nake kiran sa bawana. Haka muka taras ana yi a gidanmu na unguwar Jarwal, a Makka. Ɗan namiji ubangida ne, ɗan mace bawa, kuma duk abin da taubashi ya gaya wa taubashinsa wasa ne, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Kakanmu ya baro Kano a ƙasa tun kafin a haifi babana, ya zubar da abubuwa da yawa a hanya, amma wannan wasan ya iso da shi Makka lafiya lau. Ni kuwa na riƙe shi da hannu biyu, don ya ba ni damar faɗar duk abin da ke cikina a yi dariya.

Goggo ƙanwar babana ce, uba ɗaya. Kakanmu ya taɓa komawa gida sau ɗaya, ya yi aure, ya haife ta, ya dawo ya bar su can. Da ta girma ta zo umara da mijinta suka ƙi komawa. An kama mijin aka mayar tana da ciki, bai sake waiwayo ta ba. Ta haihu a ɗakin bayan gidanmu. Don haka ni da ɗanta unguwa ɗaya muka taso, tabarma ɗaya, Larabci ɗaya a bakinmu, sai dai ni ina da katin ɗan ƙasa, shi ko takardar haihuwa ba shi da ita. Makaranta ta karɓe ni, shi garejin Baba ya karɓe shi. Kafin ya kai shekara ashirin mota tana shigowa daga ƙofa zai gaya maka ciwonta da jin kukan injin kawai. Ni ofis nake zama, cikin sanyi, ina rubuta rasit ina latsa waya. Baƙin mai bai taɓa shiga farcena ba.

Shekarar da aka fara kawo babban tseren motoci na duniya Jidda na sayi tikiti na je. Shi a talabijin ɗin gareji ya kalla, a zaune kan tsohuwar taya, domin tsakanin Makka da Jidda akwai shinge, kuma mutum irinsa ba ya ratsa shinge don kallo. Na dawo kamar wanda aka yi wa asiri. Na sayi wata tsohuwar motar Japan, na sa sunana a wani ƙaramin tsere da ake yi a wani fili bayan Jidda, na masu sha'awa, ba na ƙwararru ba. Shi ya kwashe kujerun motar, ya yi waldar ƙarafan kariya, ya kwance injin ya mayar. Ranar tsere ya shiga motar janwe da kayan aikinsa a jiki, ni ina tuƙi, a shinge na miƙa katina na gaisa da Larabcin 'yan gari, aka ɗaga mana hannu.

Na zo na ƙarshe. A kwana ta biyu motar ta juya da ni ina fuskantar inda na fito. Har wani likitan haƙori ya wuce ni, mutumin da ke tuƙi kamar ya ɗauko tsohuwarsa zuwa asibiti. Na fito ina zagin birki. Sai a tsere na biyu, lokacin gwaji, ɗan goggona ya ce in ara masa rigar tseren da hular kwano ya ji abin da birkin ke yi. Ya yi zagaye uku. Da ya dawo tantinmu sai ga wani Balarabe daga masu shirya tseren ya leƙo yana tambayar me na sha yau, wai ba wanda ya taɓa wannan lokacin da irin motarmu. Ɗan goggona yana bayan labule ya cire hular. Na karɓi yabon, na ce na ɗan saba da filin ne.

Daga ranar muka tsara aikinmu. Ni nake yin rajista, in sa hannu, in zauna a taron direbobi ina gyaɗa kai. Sai in shiga tanti in cire rigar, ya saka, ya rufe gilashin hular mai duhu ya fita. Tsayinmu ɗaya. A wurin mutanen filin kuwa duk baƙin Takari irinmu fuska ɗaya gare shi, ba wanda ya taɓa kallon mu sau biyu. In an gama ya shigo da motar har cikin tanti, ya tuɓe da sauri, in saka rigar tana jiƙe da guminsa, in kwara ruwan gora a kaina, in fito ina haki. Na ƙware a hakin nan. Kofin farko da na kawo gareji, Baba ya juya shi a hannu, ya dubi tafin hannuna, ya dubi shatin igiyar hula a wuyan ɗan ƙanwarsa, ya ce masha Allah, ya ajiye shi a kan kanta ya tafi sallah.

A wannan shekarar ne Baba ya tashi gyara masa takardu. Ya daɗe yana cewa zai yi. Sai ya samu wani mu'aƙƙib, irin mutanen nan da sana'arsu bin takardun mutane ofis-ofis, ya ce an buɗe wata ƙofa ga waɗanda aka haifa a nan. Sai an fara samo fasfo na ƙasar iyaye, a biya tara, sannan a yi masa igama da sunan garejin, ya zama ma'aikaci mai izinin zama. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Baba ya tara su a ambulan, ya kulle a durowar ɗakinsa, ya gaya wa Goggo a gabanmu. Ta yi kuka, washegari ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka. Shi kuwa sai na riƙa ganin kwalayen kayan gyara duk an yi musu wani zane da biro. Ashe sa hannu yake koya, wai kada ranar ta zo ya dangwala yatsa kamar tsoho. Na ce masa bawa da sa hannu, duniya ta zo ƙarshe. Ya yi dariya ya ce ranka ya daɗe, ai a bayan naka zan sa.

Shekara ta biyu tseren ya lalace da kuɗi. 'Ya'yan masu hali na Jidda suka gano shi. Wannan ya zo da sabbin tayoyi a kowane gwaji, wancan ya yi odar inji daga waje, wani ma ya zo da Bature riƙe da kwamfuta yana gaya masa inda zai taka birki. Mu tayoyinmu sai sun yi tsere uku, ɗan goggona yana juya su hagu da dama yana lallashin su. Duk da haka ba ya wuce na uku. Ni kuwa na ɗanɗana hawa dandamali, na buɗe shafi a waya, na ɗauki mai hoto, na ɗinka riga mai sunana a ƙirji, na fara kwana a otal a Jidda daren tsere, wai direba yana buƙatar hutu. Shi a motar janwe yake kwana kusa da motar. Duk kuɗin nan daga aljihun gareji suke fita.

Wata rana da rana ana maimaita babban tseren a talabijin, mai sharhi yana bayanin cewa manyan kamfanonin ma an ƙayyade musu abin da za su kashe a shekara, don masu kuɗi sun kusa kashe wasan, ƙananan ba sa iya bin su. Baba yana shan shayi yana ji. Ya ajiye kofin ya juyo gare ni.

"Isma', ya walad, saurara yaro. Waɗannan da ke yawo da motocinsu a jirgin sama an sa musu iyaka. Kai wane ne?"

A ranar ya ware kuɗin shekara ya sa a wata ambulan ya miƙa mini. Ya ce taya, mai, inji, otal, mai hoto, duk daga nan. In ta ƙare, halas, a tura motar bayan gareji a rufe ta da tampol. Na ji haushi ƙwarai, ba don iyakar ba, sai don a gaban ma'aikata ya faɗa.

Ambulan ta ƙare saura tsere ɗaya. Muna na biyu a jerin maki, tazarar kaɗan ce, wanda ya ci na ƙarshe shi ya ci shekara. Kuma a tseren da ya gabata injin ya buga a zagayen ƙarshe, ya watsa mai a kan titi. Ɗan goggona ya kwance shi ya baje a kan kwali, ya daɗe a tsugune, ya ce wannan ya mutu. Akwai wani injin a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ya je ya gani, ya saurare shi, ya ce in ya samu sati biyu da shi zai yi magana. Kuɗinsa da na tayoyi huɗu sun kusa daidai da abin da ke durowar Baba.

A cikin satin mu'aƙƙib ya kira wayar ofis. Ni na ɗauka. Ya ce in gaya wa Alhaji ya hanzarta, ƙofar nan ba za ta kai Hajji a buɗe ba, in an rufe kuwa bai san ranar sake buɗewa ba. Na ce in sha Allah zan gaya masa. Na ajiye wayar na ci gaba da duba hotunana. Ba mantawa na yi ba. Na daɗe ina gaya wa kaina mantawa na yi, amma ina sane na haɗiye saƙon.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka zauna cin abinci a gida, kamar kullum, Goggo ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, Baba yana tsakiya. Na jira sai da kowa ya sa hannu. Na ce Baba, dokar da ka aro ba ka aro ta duka ba. A babban tseren ma kuɗin direba ba ya shiga lissafin iyaka, mai sharhin ya faɗa, kana alwala ne lokacin. Gaskiya ne kuwa, ya faɗa. Na ce don haka otal ɗina da rigata da mai hotona ba su kamata su fita daga ambulan ba, a mayar mini da su in sayi inji.

Baba ya tauna lomarsa a hankali. Ya ce, "To. Wane ne direban?"

Ban taɓa jin ya zo kusa da maganar haka ba. Na ji kunnuwana sun yi zafi, kuma a irin wannan lokacin ne bakina ya fi kaifi.

"Takarda ta ce ni ne," na ce. "Kuma kuɗin ai akwai su a durowa. Me bawa zai yi da igama? Katin ubangidansa ya ishe su su biyu. Shekara talatin yana yawo ba takarda, ko sauro bai cije shi ba."

Aka yi dariya, don dole a yi. Wasan taubasai ne. Ƙannena suka yi, ɗan goggona ya yi, har Goggo ta yi, tana kallon kwanon miya, domin a gidan yayanta take ci take kwana. Baba kaɗai bai yi ba, amma bai tsawata mini ba. Ya juya ya tambayi ɗan ƙanwarsa me ya gani, tunda kuɗin nasa ne.

Na san amsar kafin ya buɗe baki, shi ya sa na kawo maganar a gabansa. Mutumin nan ba shi da makaranta, ba shi da mata, ba shi da inda zai je. Minti ashirin ɗin da yake yi cikin hular nan su kaɗai ne nasa a duniya, ko da sunan wani ne a ƙirjin rigar. Na sha ganin fuskarsa in ya cire ta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, a sayi injin. Bayan Hajji aiki zai buɗe, sai a sake tarawa. Takarda ai ba gudu za ta yi ba."

Baba ya dube ni ya ce ko mu'aƙƙib ya kira kwanan nan. Na ce bai kira ba.

Sati biyu ya yi a ƙarƙashin motar. Tseren ƙarshe ya faɗo a ƙarshen Shawwal, da sassafe aka yi shi saboda zafi. Ina cikin tanti da singileti, ina leƙe ta tsagar labule, ban ga komai sosai ba sai ƙura da ƙarar da ke wucewa. Daga ihun lasifika na gane ya wuce yaron mai Bature a zagayen ƙarshe. Ya shigo da motar tana tururi, ya fara tuɓewa, zif ɗin ya maƙale, ni na ja masa da ƙarfi ina cewa yi sauri mana, ana jira na. Na kwara ruwa na fita. Aka ɗaga ni sama, aka ba ni kofi mai tsayin yaro, da takardar sakamako. Wani mai kamfanin man inji ya ba ni katinsa, ya ce yana neman direba a babban aji. Na karɓa ina murmushi, na san ba zan kira shi ba, don a can sai an ga fuskarka kafin ka rufe hula.

Muka ɗora motar muka kamo hanyar Makka kafin azahar. Yana gefena yana ba ni labarin kwanar ƙarshe, yana zana ta da hannu a iska, ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Tun daga nesa na ga layin motoci a shinge. Na manta Hajji ya gabato, an fara tsaurara shiga gari, ranar kowace mota ake tsayarwa, kowane kai sai ya nuna takarda. Babu wurin juyawa da janwe. Ya goge hannunsa a wando.

Jami'in matashi ne, mai fara'a. Ya karɓi katina, ya hango kofin a tsakaninmu, ya ce mabruk, ya tambayi wace mota ce a baya. Sannan ya miƙa hannu ga na kusa da ni. Na san hukuncin wanda aka kama ya ɗauko marar takarda, kowa a Makka ya sani, akwai tara, ana iya riƙe mota, sunan garejin Baba ne a jikin ƙofar. Ina cikin wannan lissafin ɗan goggona ya riga ni. Da Larabcinsa na Jarwal, wanda ya fi nawa daɗi, ya ce ba shi da takarda, kuma wannan bawan Allah bai san shi ba, a gidan mai ya roƙe shi ya rage masa hanya.

Jami'in ya dube ni ya ce haka ne? Na ce haka ne.

Ya yi mini faɗa kan ɗaukar mutanen da ban sani ba, ya ce don yau ranar farin cikina ce zai bar ni. Ɗan goggona ya sauka. Bai ɗauki jakarsa ba, don kada a ga tana da alaƙa da motar. Aka nuna masa wata bas a gefen titi inda wasu ke zaune, ya tafi bai waiwayo ba. Na bayana ya danna hon, na ja.

Ba zan ce Baba bai yi ƙoƙari ba. Ya ranto kuɗi a ranar, ya kira mu'aƙƙib, a nan ya ji cewa an rufe ƙofar tun kwana huɗu da suka wuce, kuma mutumin ya rantse ya bar saƙo a ofis. Baba ya ajiye wayar ya dube ni. Bai zage ni ba, bai kuma gaya wa Goggo ba, har yau. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki sabon kofin ya ajiye a kan teburina na ofis, dab da fuskata, ya ce kada wanda ya matsar da shi. Goggo kuwa ni ta riƙa yi wa godiya, wai ta ji na yi ta roƙon jami'in har na kusa shiga matsala. Ƙanena ne ya ƙirƙiro mata wannan don ta samu barci, ni kuma na karɓi godiyar.

Ya yi wata ɗaya da 'yan kwanaki a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Dangin Goggo a Kano suka karɓe shi. Muna jin labarinsa ta bakinta. Wai suna dariyar Hausarsa, suna ce masa Balarabe, wai abincin ya ƙi karɓar sa, wai ya samu wani gareji a bakin titi yana gyaran keke napep. Ni bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Kunya ce ta hana ni, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani sauƙi da na ji, cewa mutum ɗaya da zai iya tona ni ya yi nisa. Na tsani kaina da na gane haka, amma tsanar ba ta sa na ɗauki waya ba.

Bayan wata biyar, ina ofis da hantsi, lambar Najeriya ta shigo. Muryarsa ce, a bayansa ana ta hon da bugun ƙarfe. Muka gaisa, ya tambayi Kawu, ya tambayi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Na fara wata doguwar magana wadda na daɗe ina shiryawa, ya katse ni. Ya ce katin wayarsa kaɗan ne, abu ɗaya yake so. Ranar nan bai samu ganin takardar sakamako ba, yana tanti aka raba. Yana so ya san lokacin da ya yi a zagayen ƙarshe, don a jikinsa ya ji kamar shi ne mafi sauri da ya taɓa yi, amma yana so ya tabbatar.

Ban taɓa karanta takardar ba. Na same ta a ƙasan durowa, a ninke, da tabon shayi. Na nemo layin na karanta masa minti da daƙiƙa. Na ji yana maimaita lambar a hankali. Ya ce akwai wanda ya fi wannan a ranar? Na duba na ce babu.

"To karanta mini layin duka," ya ce. "Daga farko."

Na ce ai lamba ɗaya ce a farko, sai suna.

"Na sani. Karanta."

Na karanta lamba ɗaya, na karanta sunana da na babana da na kakanmu, kamar yadda suke a katina, sannan lokacin. Ya ce madalla, Allah ya sa albarka, a gaida Kawu. Sai layin ya yanke.